"Gani ya kori ji": to, idan abin ganin an riga an sare shi fa?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Jiya ina karanta labarin dogayen itatuwan yammacin Amurka sai karin maganar nan ta faɗo mini. An ce wajen 1897 an sare wani itacen Douglas fir kusa da kogin Nooksack a jihar Washington, wai tsayinsa ƙafa 465, wajen mita 142. Alhali wanda ya fi kowane itace tsayi a yau, Hyperion na Kalifoniya, mita 116 ne. Ni dai na tsaya kan wanda ido ke gani.

Binta: Wa alaikumus salam, Malam. A gidanmu ba haka ake amfani da ita ba. Inna takan faɗe ta in dillaliya ta cika yabon atamfa, sai ta ce a warware turmin ta taɓa da hannunta. Wato sai inda ganin zai yiwu. Itacen da aka yanka katako tun zamanin kakanni, wa zai je ya duba? Kuma masu saran katako manyan suka fara bi, don haka ragowar ba za ta zama ma'auni ba.

Sani: Gaskiyarki, Yaya Binta, amma ji ma suna ya tara. Akwai na mai tef ɗin awo a hannu, akwai na ɗan jarida mai neman a sayi takarda. Itacen Cary na Kanada, da aka ce ƙafa 417 ne a 1895, har da hotonsa ya yi ta yawo, daga baya masana suka ce ƙage ne. Shi kuwa Hyperion, a 2006 masanin itatuwa Stephen Sillett ya hau har ƙololuwa ya sako tef ƙasa.

Binta: Ka ga ke nan hoto ma gani ne, kuma bai kori komai ba.

Malam Habu: Na janye rabin maganata. Wani bincike na 2004 ya nuna da ƙyar itace ke iya jan ruwa zuwa ganyensa in ya wuce mita 122 zuwa 130. Itacen garin Mineral na jihar Washington, da aka ƙiyasta mita 120 kafin ya faɗi a 1930, ya shiga wannan iyaka, na yarda da shi. Amma mita 142 ɗin nan, Binta, sai na san wanda ya riƙe tef ɗin, da kuma inda ya fara awo.