Waɗanda suka kai folimarsu gwaji ƙasar waje, me kuka tarar?

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. Ina digiri na uku a nan Katsina, aikina a kan kitosan ne (wata folima, wato sinadari mai doguwar sarƙa, da ake samu daga ɓawon jatan lande) da yadda yake kama dalma a ruwa. An amince in je wani ɗakin gwaji a Maleshiya, don a can akwai ICP-MS, na'urar auna yawan ƙarfe a ruwa komai ƙanƙantarsa. Yayyena da malamaina da suka riga ni fita, ku ba ni labari.

Malama daga Dutsin-Ma: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a tafi a sa'a. Indiya na je, ni ma da kitosan, amma jan ƙarfe na yi. Ƙanena, ka sa ido a kan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Naitirojin ɗin da ke rukunin amino a jikin sarƙar shi ne ke riƙe ƙarfen. In ruwan ya yi tsami da yawa, haidirojin zai cike gurbin, kitosan ɗin ma ya narke. In kuma ka wuce 6 sosai, ƙarfen da kansa zai kwanta a gindin kwalba, ka zaci folimarka ce ta yi aiki. Na ga wani ɗalibi a can yana murnar sakamakon da ba nasa ba.

Baban Hanifa: Malama ta faɗi gaskiya. Ni aljinet, wata folima ta ciyawar teku, na yi a Masar. Kana ɗiga shi da sirinji cikin ruwan kalsiyam kulorayid, kowane ɗigo ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai santsi. Ka jefa su cikin ruwan jan ƙarfe, kana kallo su koma shuɗi. Amma abin da ya dame ni shi ne, duk gwajin da tsarkakakken ruwan lab aka yi shi. Da na dawo na ɗebo ruwan rijiyar unguwarmu, mai zartsin nan da sabulu ba ya kumfa a ciki, sai kamun ya ragu. Kalsiyam da magniziyam suna ta rububin guraben da ƙarfen zai zauna. Ma'aunin WHO na dalma a ruwan sha kuwa miligiram 0.01 ne a lita, ba sassauci. Tun da gubar dalma ta kashe yaran Zamfara a 2010 na daina yarda da sakamakon da bai taɓa ruwan gida ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: To Dakta, in tafi da ruwan gida ke nan?

Baban Hanifa: In masu ɗakin gwajin sun yarda. A robar da aka wanke da asid, ba kwalba ba, ka ɗiga naitirik asid har pH ya sauka ƙasa da 2. Wannan na auna abin da ke ciki ne kawai. Na gwajin kamu, ka haɗa irinsa a can da gishirin kalsiyam da magniziyam.

Hajiyar Daura: Ni ƙaro na ɗauka daga kasuwarmu, tunda yana da rukunin kaboksil masu kama ƙarfe. Matsalarsa narkewa, sai an ɗaure sarƙoƙinsa tukuna. Kuma ɗana, kada ka sa farin gari a jaka ba takarda. A filin jirgi an tsare ni ana ta juya ledata, ina bayanin ƙaro da Turanci. Ka karɓi wasiƙar shugaban sashenku da ta mai masaukinka, duka da hatimi.

Malama daga Dutsin-Ma: Hajiya, da me kika ɗaure ƙaron? Akwai ɗalibata da nata ke narkewa tun kafin a kai ga tacewa.