Ta ina zan fara da harshen Kumandin?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Malaminmu ya raba mana harsunan da ke gab da ɓacewa, kowa zai yi rubutu a kan ɗaya, ni kuma Kumandin ya faɗo a kaina. Iyakar abin da na tsinta shi ne ɗan dangin harsunan Turkawa ne, kuma a Rasha ake yinsa. Don Allah wanda ya san inda zan dosa ya taimaka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Fara gyara sunan da kike nema da shi. Masana da dama ba sa ƙirga shi harshe mai cin gashin kansa, suna saka shi a cikin harshen Altai ta Arewa tare da kare-karen harshen Chelkan da Tubalar. Kuma ki yi hattara, Altai ɗin da ake koyarwa a makaranta ake buga jarida da shi a Gorno-Altaysk, babban birnin Jamhuriyar Altai, na kudu ne. Kina iya cika shafi goma da bayaninsa alhali ba ki taɓa Kumandin ba.

Nura: Ni dai shawarata ki ɗan leƙa Turkanci. Ina karatu a Turkiyya, kuma tsarin nahawun duk ɗaya ne: a ɗauko saiwar kalma a yi ta jera mata ɗafa-ƙeya, aikatau ya zo a ƙarshen jimla, wasula su bi juna. Idan kin gane wannan, rabin aiki ya ƙare.

Auwal: Haba Nura, wane rabi? Ni a Barnaul nake, babban birnin yankin Altai, kuma mutanen nan maƙwabtanmu ne. Suna zaune a bakin kogin Biya, a garin Biysk da gundumomin Krasnogorsk da Solton, wasu kuma a Turochak cikin Jamhuriyar Altai. Kusan duk abin kirki da aka rubuta a kan harshensu da Rashanci yake. Turkanci zai nuna mata yadda ginin yake, amma ba zai karanta mata littafi ko ɗaya ba. Su kansu matasansu Rashanci suke yi, harshen ya fi zama a bakin tsofaffi.

Zainab: To Yaya Auwal, ni da ko harafin Rashanci ban sani ba fa?

Auwal: Haruffan ba su da wuya, 33 ne, ki zauna da su mako guda za ki fara haɗa baƙi. Kafin nan kwafi wannan ki liƙa a wurin bincike: кумандинский язык. Ki gwada shi a CyberLeninka, can ake ajiye maƙalun jami'o'in Rasha kyauta. Manhajar fassara za ta taimaka miki da Rashancin, amma duk inda aka kawo misali da Kumandin ki bar shi yadda yake, domin sai ta ɗauka Rashanci ne ta dagula miki shi.

Malam Habu: Littafin da ba makawa sai kin nema shi ne na Nikolai Baskakov a kan karin harshen Kumandin, wanda aka buga a Mosko a 1972. Akwai nahawu a ciki, da labarai daga bakin mutanen tare da fassara, da jerin kalmomi. Har yau masu rubutu shi suke komawa. Idan ɓangaren furuci kike so, nemi ayyukan Irina Selyutina ta Novosibirsk a kan baƙaƙe da wasulan harshen. Sai dai masu nauyi ne, ba na mai farawa ba.

Hajiya Rabi: 'Yata, ni tarihi na koyar, don haka ta nan zan ja ki. Kada rubutunki ya tsaya a nahawu. A 1933 an buga musu littafin koyon karatu da haruffan boko, amma kafin shekarun 1930 su ƙare an ajiye shi. Zamanin Tarayyar Sobiyet an daɗe ana lissafa su cikin mutanen Altai kawai, sai a shekarar 2000 gwamnatin Rasha ta sa su cikin jerin ƙananan al'ummomi 'yan asalin ƙasa. Ƙidayar 2002 ta samu mutum 3,114, ta 2010 kuma 2,892, waɗanda suka ce suna jin harshen a ta 2010 ɗin ba su kai dubu ba. Wannan adadi na ƙarshe ma ki riƙe shi da hankali, abin da mutum ya faɗa da bakinsa aka rubuta, ba wanda ya jarraba shi.

Nura: Na sallama, Rashanci ne gaba. Amma in za ki kwatanta shi da wani, ki duba harsunan Shor da Khakas, ta wasu fuskoki ya fi kama da su fiye da Altai ta Kudu.

Zainab: Allah ya saka da alheri, Hajiya da Malam da yayyena. Yaya Auwal, ko ɗakin karatunku na da littafin nan na 1972?

Auwal: Namu na likitanci ne, amma akwai babban ɗakin karatu na yanki a cikin gari. Zan leƙa ranar Asabar in Allah ya kai mu. Turo min abin da kika fi buƙata, nahawun ko labaran, don ba zan iya ɗaukar hoton littafin duka ba.