Wai wa Sanusi ya kira mushe?

Sanusi: Salamu alaikum. Kwana ukku ke nan ban yi barcin kirki ba. An ce mu yi shafin JSP, wato shafin yanar gizo mai aiki da yaren Java, da zai jero sunayen ɗalibai, ba a yarda mu cusa Java cikin <% %> ba, sai da baliz ɗin JSTL, wato shiryayyun alamomin da ake sawa cikin shafi maimakon Java. Na sa layin taglib a sama, na jefa fayil ɗin jstl-1.2.jar cikin WEB-INF/lib, na rubuta c:forEach kamar yadda anka nuna. Tomcat, manhajar da ke tada shafin, sai ya watso mini kuskure mai lamba 500 da wani dogon surutu na TagLibraryValidator. Jikka biyu na ƙone a forfe ina sauke jar iri-iri, ga kuran ya ɗauke a unguwar Zariya tun azahar. Gaskiya wannan abu mushe ne, gawa ake sa mu ja.

Rabi: Sanusi ka ji tsoron Allah. Mushe ya yi maka mi? Mutumin da ke zuwa ran Asabar bisa motonai ya ƙara muna karatu, ko dala bai amsa ba?

Sanusi: Ni yaushe na taɓa Mushe? Mushen dabba nake nufi. Abin da ya mutu ba a yanka ba.

Ɗan Jibiya: Ku dakata. Wane ne kuma Mushe? Sunan mutum ne?

Rabi: Malamin lakwal muke ce ma haka, daga Faransanci.

Ɗan Jibiya: Ikon Allah! Ku kira malaminku mushe da bakinku, sannan ku yi fushi don an ce da manhaja mushe.

Na Tibiri: Ku da kuke ce ma naku ticha kamar sunan akuya, ba ka da bakin magana.

Malam Issufu: Yara, ko ta wace fassara kalmar ba ta zauna ba. Mushe shi ne abin da mai shi ya yar. Kamfanin Sun ya fito da JSP a 1999, JSTL ta biyo a 2002. Oracle ya saye Sun a 2010, a 2017 ya miƙa ma gidauniyar Eclipse fasahar, anka sake mata suna Jakarta. Abin da ake gado hannu da hannu ba ya zama mushe. Tsohuwa ce, na yarda.

Na Tibiri: Baba Issufu, da girmanka, abin da ake ta miƙawa daga wannan gida zuwa wancan, ai maraya ne. Nan Maradi wa ya taɓa biyan ka ko dala don JSP? Duk ɗan kasuwar da ya neme ni WordPress yake so, yaren PHP ke nan, sati guda na gama na amshi kuɗina.

Malam Issufu: Bankuna da manyan ma'aikatu da Java suke aiki.

Na Tibiri: Wane banki?

Malam Issufu: Na sani dai.

Hadiza: Sanusi, wane Tomcat ka sa? In 10 ne, nan matsalar take. Daga 10 an canza sunayen daga javax zuwa jakarta, ita kuwa jstl-1.2 javax take nema, shi ya sa ba ta ganin TagLibraryValidator. Ko ka koma Tomcat 9, ko ka ɗauko JSTL ta Jakarta, jar biyu ne, na api da na aikin kansa.

Na Tibiri: Kun gani? A canza ma abu suna ya manta gidansu. Mushe!

Rabi: Kai dai ka bar faɗin kalmar nan, ta ishe mu. Bara da ka faɗi jarrabawar Java ba Mushe ya kada ka ba, kwafi anka kama ka da shi.

Na Tibiri: Ƙarya ne, takardar maƙwabcina ce iska ya kawo.

Ɗan Jibiya: Iskan Tibiri da ilimi yake tafe ashe.

Malam Issufu: Abin da ba ku so ku ji shi ne dalilin hana ku <% %>. Na taɓa gyaran wani shafi, layi ya fi ɗari huɗu, Java da HTML sun cakuɗe kamar dambu, baka guda ta ɓace na yini ina nemanta. Da c:forEach da c:if, ko wanda bai san Java ba ya karanta ya gane. Sannan c:out tana tace abin da mutum ya rubuta. Wani ya sa script a gurbin sunansa, ita sai ta nuna shi rubutu kawai, ba ya tashi. Ku masu echo na PHP, sau nawa kuke tuna htmlspecialchars mai yin wannan tacewar?

Na Tibiri: Blade na Laravel, tsarinmu na PHP, ma yana tacewa, Baba.

Malam Issufu: To ai ka dawo gidana. Shi ma raba tuwo da miya ne.

Na Tibiri: Tuwo ba miya wa ke cin shi?

Rabi: Ni dai Sanusi ya goge saƙon farko. In wani ya ɗauki hoto ya kai, wa zai tsaya bayanin mushen dabba?

Sanusi: Ba ni gogewa. Hadiza, mi kika ce dazu? Saƙonni sun binne shi, batirina saura kashi shidda.

Ɗan Jibiya: Ku zo Katsina ku yi caji.

Na Tibiri: Can ma janareto ne, kar ka yi muna burga.

Laminu, shugaban zaure: To jama'a, sha ɗaya ta wuce, na taƙaita. Kowa ya yarda JSTL ta kwana biyu, har Baba Issufu da bakinsa ya ce tsohuwa ce, kuma ya kasa kawo sunan banki ko guda. Kasuwa tana wajen PHP, wannan ba gardama. Batun jarrabawar bara bai shafi zauren nan ba, Rabi ki kiyaye. Sanusi bai zagi kowa ba, amma gaba ya rubuta gawa. Masu son darasin Laravel, ina farawa ran Lahadi bayan la'asar, jikka ukku wata.

Hadiza: Sanusi, Tomcat 9.