Sensa na cewa tanki ya cika, famfo kuma na jan iska

Mai aikin lantarki, Kakuri: Assalamu alaikum. Tankin ruwan masana'antarmu yana da sensa, wato na'urar auna yawan ruwa, irin mai harba sauti daga saman murfi ta jira ya dawo daga fuskar ruwa. Tun da hunturu ya shigo, kullum da asuba allo ke nuna tanki cike, alhali famfo na jan iska. Rana na ɗagawa komai ya daidaita. Oga ya ce a sayo sabuwa. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Tsohon injiniya, Barnawa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bari a saya tukuna. Hau tankin bayan sallar asuba ka duba fuskar sensar. Ruwan ciki da ɗumi, murfi kuma ya sha sanyin dare, sai gumi ya taru a fuskar, ƙura ta zo ta manne. Sautin yana dawowa nan kusa, ita kuwa ta ɗauka ruwa ya iso bakinta. Da tsumma mai laushi ake gogewa, ba da wuƙa ba. Sannan gudun sauti a iska kusan mita 343 ne a daƙiƙa a zafin digiri 20, yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a daƙiƙa a kowane ƙarin digiri. In rana na dukan jikin sensar, lissafinta kan karkace. Ni 'yar rumfar kwano na sa aka yi wa tamu.

Mai haɗa allon sarrafa inji, Kudenda: Gaskiya ne Baba. Amma ni mitar auna wuta nake fara sawa. Yawancin sensocin nan siginar wuta ta 4 zuwa 20 mA (miliamp, ma'aunin wutar da ke bin waya) suke bayarwa: 4 tanki wayam, 20 cike. In ka ga sifili, waya ta tsinke ko babu wuta, ba ruwa ne ya ƙare ba. Mun taɓa shan wahalar wata da lambarta ke rawa duk lokacin da aka tada babban injin lantarki. Ashe wanda ya ja wayar sigina a kwata ɗaya ya kwantar da ita da wayar wuta. Da aka raba su, aka haɗa rigar ƙarfen da ke lulluɓe wayar sigina da wayar ƙasa ta gefe guda, shi ke nan.

Mai kula da famfuna, Rigasa: Namu fulot ne, wato abin da ke yawo a kan ruwa yana hawa da sauka da shi. Ruwan bohol ɗinmu na da tsatsa, takan daskare ta riƙe shi a sama. Wanki kawai yake so.

Mai aikin gyara, Sabon Tasha: A tankin da ke kumfa dai mai sauti ɓata kuɗi ce, kumfa na shanye sautin. Mu mai auna nauyin ruwa muka jefa a gindi. Ita ma da nata hali: cikin wayarta akwai siririn bututun shan iska, in ruwan damina ya shiga ya toshe shi, awo ya lalace. Tsawa kuwa ba ta barin wadda ba ta da kariya.

Mai aikin lantarki, Kakuri: Na gode ƙwarai. Na hau yau da tocila, Baba. Ɗigon ruwa na reto a fuskarta, gefe kuma ƙura ta zama laka, har da yanar gizo. Na goge, na tsoma sandar awo, sun zo ɗaya da allo. Saura yadda za a hana gumin komawa. A faɗaɗa bututun iskan tankin, ko a lulluɓe wuyan da sensar ke zaune?