Sama da shekara 20 Inna tana suyar masa, na ce ta huta ta ƙi, ya zan yi?

Dan_Gangare:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda na dosa ba.

Mu 'yan Jos ne, a Gangare aka haife mu, mu bakwai ne a wajen Innarmu ni ne na biyu. Babanmu Allah ya jiƙansa yana da shago a babbar kasuwar Terminus, atamfa da shadda yake sayarwa, toh duk wanda ya san Jos ya san abin da ya faru a Fabrairun 2002, wata biyar kacal bayan rikicin Satumbar 2001, wuta ta cinye kasuwar ƙurmus. Dare ɗaya Baba ya wayi gari ba shi da ko ƙyalle, ga bashin mutanen Kano a wuyansa. Daga nan bai sake miƙewa ba gaskiya, hawan jini ya kama shi, ya yi ta jinya har Allah ya karɓi abinsa.

Inna ce ta cire 'yan kunnenta na gwal ta sayar, ta sayi tanda da mudu biyu na shinkafar tuwo ta fara masa a ƙofar gida. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganinta ƙarfe uku da rabi na dare cikin sanyin Disamba, kun dai san sanyin Jos, ruwan randa kamar ƙanƙara, ta ɗaura zani biyu da tsohuwar suwaitar Baba tana hura wuta hayaƙi na shiga mata ido, ni kuma da yamma ni ke ɗaukar bokitin shinkafar da aka jiƙa in kai markaɗe. Hannunta na dama duk tabon mai ne har gwiwar hannu. Kuɗin WAEC ɗina da kwasar adashinta aka biya, a gwangwanin madara ta miƙo min su, 'yan hamsin-hamsin duk sun sha mai.

Yanzu alhamdulillah ina ɗan aiki a Abuja, amma a Mararaba nake kwana, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 rabin albashin a kuɗin mota yake tafiya. Burina tun ina yaro in kai ta Makka, sai ga kujera ta haura miliyan 8 a 2025, ni ko miliyan ɗaya ban taɓa riƙewa tawa ta kaina ba. Da na je gida na ce Inna ki bar suyar nan haka zan riƙa turo miki wani abu duk wata, sai ta yi dariya ta ce “kai dai fara riƙe kanka tukuna.” Abin ya tsaya min a rai. Me mutum zai yi wa uwa irin wannan in ba shi da ƙarfi? Kuma ya zan yi ta yarda ta huta?

UwarBiyu_Rikkos:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa Inna da gidan Aljanna, ya jiƙan Baba. Amma ƙanena kar ka raba ta da tandar nan, in ka zaunar da ita a ɗaki wallahi wata uku ba za a yi ba ciwon ƙafa da tunani za su taso mata. Wajen suyar nan ne majalisarta, nan take jin wa ya haihu wa ya rasu, nan take ba almajiri guda biyu ta ji daɗi a ranta, kuma kuɗin da mace ta nema da hannunta daban yake da wanda za ta jira alat ɗin ɗa. Wahalar za ka rage mata ba sana'ar ba. Ka saya mata tukunyar gas ko ƙaramar ce, hayaƙin itace shi ke cinye idon iyayenmu da ƙirjinsu, ka kai ta a duba idon, ka tambaya yadda ake rijistar inshorar lafiya ta PLASCHEMA tunda a Filato take, sannan a samu yarinya ko wata bazawara a unguwa da za ta riƙa taya ta kana biya.

Sai tambaya ɗaya, kar ka ji haushi. Ka ce kai ne na biyu. Wa ke gabanka? In mace ce, wa ya riƙa ɗaukar tiren masar nan yana kaiwa tasha da safe lokacin da kai kake saka yunifom? Don ni na san gidajenmu, ni ma ni ce babba a ɗakinmu, a aji biyu na sakandare na tsaya saboda ƙannena maza su ci gaba, yau in sun tashi yabo a Facebook Mama kawai suke sakawa, kuma ta cancanta ba musu, amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa cewa Yaya sannu.

Malamin_Firamare:

Hajiya UwarBiyu kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni abin da zan ƙara, matsalarmu ba ma ajiye labarin matanmu, sai sun mutu a ce ai wance ta yi ƙoƙari, shikenan an rufe babin. Ina tambayar 'yan aji shida wace ce matar da ke bayan naira 20, da ƙyar ake samun mai amsawa, alhali Ladi Kwali ce, maginar tukwane daga Kwali nan kusa da inda kake aiki, wadda tukwanenta suka kai ta har Ingila da Amurka. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU a Zariya an ɗaure ta ya kai sau 16, ta sha duka a kan mata su samu 'yancin jefa ƙuri'a da karatu, kuma matan Arewa ba su samu wannan 'yancin ba sai 1976. Ta rasu a 2001, shekarar da aka yi rikicinmu na Satumba. Kafin su duka ga Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, ita ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa wa jajis, wato matan da ke jagorantar su, malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Ita mun san ta ne saboda ta rubuta kuma an adana.

To Innarka fa wa zai rubuta nata? Shawarata ba ta cin ko sisi. In ka je gida ka zauna kusa da tanda ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye ta ranar da kasuwa ta ƙone ina take, nawa ta sayar da 'yan kunnen, wa ya fara sayen masarta, wace rana ce ta fi mata tsanani. Za ta ce maka kai bar ni da shirme, ka dai dage. Ni ban yi wa tawa ba, yanzu ko muryarta ba ni da ita, hoto ɗaya ne tal na katin zaɓe.

Direba_FarinGada:

Ni ba dogon karatu gare ni ba amma shekara da shekaru ina ɗaukar kaya a Farin Gada. Bayan rikicin 2008 da na 2010 lokacin da gari ya rabu, maza kowa na tsoron tsallaka unguwar wani, wallahi mata ne suka fara komawa. Da an sassauta dokar hana fita za ka ga mai kabeji da karas ta sauko da buhunta, tamu mai abinci ta fito daga Anguwan Rogo da kwandonta, su gaisa a tsaitsaye su yi ciniki. Akwai wata mama mai dankalin Turawa daga wajen Bokkos, Kirista ce, ta riƙa ba matar yayana buhu bashi ba takarda ba shaida, sai in ta sayar ta aika mata, ni nake kai kuɗin a ɗaure a leda. Haka bayan bam ɗin Terminus na Mayun 2014, mutum sama da 100 suka tafi, amma ba a jima ba masu tumatir da masu gwanjo suka sake shimfiɗa buhu a bakin titi, in ka ce ba kwa tsoro su ce to yara su ci me. Ni in raina ya ɓaci da tsadar mai su nake kallo in tada mota. Ka gaida Inna, ka faɗa min layinku in zo in ci masa da miyar taushe.

GaskiyaƊaci:

Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Mun iya yabon haƙurin mata saboda yabon ba ya cin kuɗi. Mace ta kwana a bakin wuta shekara 20 sai mu ce jaruma ce mu tafa, ba mai tambaya me ya sa har yau kasuwar da ta ƙone tun 2002 ba ta dawo yadda take ba, me ya sa marayu bakwai ba wanda ya tallafa musu. Malam ka kawo zancen naira 20, yau naira 20 ɗin ko masa ɗaya za ta saya? Dan_Gangare in da gaske kake, ku bakwai ku buɗe adashi a tsakaninku, ko dubu biyar-biyar ne, in ya taru ku saya mata ɗan fili ko injin markaɗe kuma takardar ta fito da SUNANTA, ba sunanka ba, ba na kawunku ba. Na ga yadda aka yi wa gwaggota da mijinta ya rasu, gidan da rabin bulonsa da kuɗin ƙosanta aka saya, da aka zo rabo ba ta da wata shaida, tumunin takaba kawai aka ba ta.

UwarBiyu_Rikkos:

GaskiyaƊaci maganarka ta takarda gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Amma yabon ma kar a raina shi, wasunmu ko shi ba mu samu ba.

Dan_Gangare:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Anti UwarBiyu wallahi tun jiya tambayarki ta hana ni barci. Eh mace ce a gabana, Yayarmu, kuma ita ce mai tiren, tashar Bauchi Road take kaiwa kullum kafin bakwai, a JSS 3 ta bar makaranta aka yi mata aure tana sha bakwai, ni kuma ban taɓa lissafa ta a cikin labarin ba, kun ga ma a rubutuna na sama ko ambatonta ban yi ba. Ɗazu bayan Magariba na kira ta a Bukuru na ce Yaya na kira ne in ce miki na gode, ta ce na me, na ce na tire. Ta yi shiru har na zaci netwok ne ya yanke, can sai ta ce “kai Allah ya shirye ka, ka sa ni kuka ina tsakiyar tuƙa tuwo.” Babbar 'yarta za ta rubuta JAMB bana, na ce kuɗin fom da na lesin a kaina.

Maganar adashi na jefa ta a gurup ɗinmu na WhatsApp, huɗu sun amsa, autanmu ya karanta ya yi gum kamar kullum. Malam zan yi rikodin ɗin in sha Allah in na je ƙarshen wata.

Gas ɗin ne dai ake daga, na faɗa wa Inna a waya ta ce masar gas ba ta ƙamshi, kwastomominta za su gudu, kuma ita tsoron abin take kar ya tashi da gida. Mun tsaya a kan za ta gwada ranar Juma'a ɗaya ta gani. Wa ya san inda ake ƙera tanda mai gurbi goma sha biyu da ke zama daidai a kan murhun gas, a Katako zan duba ko wajen maƙeran Dilimi? Direba layinmu ba ya ɓata, in ka shigo Gangare da asuba ka bi hayaƙi.