Bayan da Bai Taɓa Ƙasa Ba

Ɗan Wunti:
Jiya a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi na ga tsohon zakaran kokawar unguwarmu yana dakon albasa. Barci ya gagare ni. Mai baiti ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Kukan zuci nake rerawa.
Gwarzon da ake wa kirari,
Kalangu na ta amsawa,
Bayan da bai taɓa ƙasa ba,
Yau buhu yake ɗaukawa.
Na gaishe shi, ya kau da kai,
Gwiwarsa tana karkarwa.

'Yar Azare:
Malam, ka tuna mini kaka,
Gero an gama girbewa,
Dandali ya cika maƙil,
Farin wata na haskawa.
Ya fito da warki da kambu,
Laya a damtse na lilawa.
Samarin Misau da Darazo,
Ɗai-ɗai yake ta kayarwa.
Ina kan wuyan yayana,
Guɗar mata nake jiyowa.

Baban Kumo:
'Ya'yana, ku dubi Nijar,
Tun 1975 a Tawa
Suke ba zakara takobi,
Ƙasa duka na girmamawa.
Issaka Issaka na Dosso,
Ko yaro na iya nunawa.
Mu filin Tafawa Balewa,
Ƙwallo muke zuwa dubawa.
Wikki na da ranar wasa,
Ɗan kokawa sai mantuwa.

Ɗan Wunti:
Baba, gaskiya ka faɗa,
Amma mu ma da tuhumawa.
Mun yi liƙi, mun yi tafi,
Ganga ta tsaya, sai watsewa.
Ran da kafaɗarsa ta goce,
Wa ya je wurin ɗorawa?

Autar gidansa:
Iyayena, sannunku da ƙoƙari,
Mahaifina kuke faɗawa.
Kullum dare da man zafi
Ƙugunsa nake murzawa.
Kofin da ya ci na ɗakin Inna,
Allura take ajewa.
Ya kai takarda wani ofis,
Je ka dawo, har gajiyawa.
Na karanta masa baitocinku,
Ya yi shiru yana saurarawa.
Ya ce shi bai roƙon kowa,
Guminsa ke ciyarwa.
In da yara masu ƙashi,
Asabar la'asar su zo koyowa.

'Yar Azare:
Auta, ki share ƙofar gida,
Ƙannena biyu na tahowa.
Baba, a nemo mana makaɗi,
Takensa za a kaɗawa.