Ƙafata ta taka birki kafin in san me ake ciki

ƊanSahu_Kurna: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata bakwai ina jan adaidaita sahu a Kano. Jiya da la'asar sakaliya, na ɗauko fasinja uku, sai na ji wata mata ta ƙwalla ihu ta hagu, kuma na hango wani abu ja ta wutsiyar ido. Wallahi ban san lokacin da na danne birki ba. Sai da na tsaya cak na ga ashe yarinya ce da jan hijabi, ba ta fi shekara uku ba, tsakaninta da tayar gaba ko taku biyu babu. Har yanzu jikina rawa yake. Don Allah masana, me ya motsa ƙafar nan? Ni dai ban yi tunani ba.

Ummu_Hanan: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah Ya ƙara tsarewa. Mun yi wannan a darasin aikin jiki. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi, sufiriya kolikulus, inda saƙon ido da na kunne da na fata ke haɗuwa. Masu bincike Barry Stein da Alex Meredith sun gwada shi a jikin kyanwa a shekarun 1980: ɗan haske shi kaɗai, ko 'yar ƙara ita kaɗai, da ƙyar ƙwayoyin wurin ke motsi. Amma in suka zo tare, daga gefe guda, martanin yakan zarce jimillar biyun. Ihun da jan hijabin duk ta hagu suka zo maka. Taka birkin kuma, shekara bakwai ɗin nan ce ta koya wa ƙafar.

BabanTasha: Ɗana, ka gode wa Allah. Ni tirela na ja, Kano zuwa Legas. Kafin in ga taya ta yi faci, sitiyari ya riga ya gaya wa hannuna. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaran yanzu sun toshe kunne da iyafis suna tuƙi.

Malam_Physics: Hajiya ta yi bayani. Ƙari kaɗan: mutum ya fi saurin amsa ƙara a kan haske, wajen milisakan 160 ga ƙara, 190 ga haske (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Sai dai haɗin ido da kunnen yakan yaudare mu. A 1976 masu bincike McGurk da MacDonald suka sa sautin "ba" a kan bidiyon leɓe mai furta "ga", mutane suka ce "da" suka ji.

ƊanSahu_Kurna: Na gode ƙwarai. Baba, gaskiya nima nakan saka ɗaya a kunnen hagu, jiya caji ne ya ƙare. Ummu Hanan, to da yana kunnena, idon shi kaɗai zai iya tsayar da ni?